Kayan Aro a Gidan Kaka Sarun

"Ɗaga ta sama, Kheng, kada ka goga mini ita a jikin tsani!"

Kaka Sarun na tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, tana ba da umarni sai ka ce talabijin ɗin tata ce. Ta maƙwabcinta ce, tsoho Kheng, wanda ke hawowa da ita a kafaɗa yana haki.

"Ke dai akwai baki," in ji Kheng. "Abin da ya shekara bai yi magana ba, me za ki yi da shi?"

"Wa ya ce magana nake so ta yi? Zama kawai za ta yi, kamar yadda kake yi a gidanka."

Jiya ne jikarta Malis ta dawo daga makaranta da labari. Wata Baturiya daga cikin masu tara wa makarantarsu taimako a ƙasar waje ta iso garinsu Battambang, za ta zaga gidajen yara, har da nasu. Makarantar ta wata ƙungiya ce mai ɗaukar yaran da ba su da galihu. Ita ta ɗauki Malis bayan uwarta ta tafi aikin gini a ƙasar Thailand aka daina jin ɗuriyarta. Littafi, riga, abincin rana, har keken da yarinyar ke hawa, duk daga can suke.

Kalma ɗaya Sarun ta riƙe a cikin labarin, wato baƙuwa. Ita kuwa tun tana yarinya ba ta taɓa ganin an zaunar da baƙo a kan daɓen tsagaggen gora irin na ɗakinta ba. Gari na wayewa ta shiga ƙauye gida-gida. Sophat mai sayar da taliya ta ba ta kujerun roba da fanka, har da wayar da aka jawo wuta da ita daga shagonta. Matar dagaci ta ba da ledar ƙasa mai furanni da labule. Agogon bango ya zo daga gidan mai gyaran babur, kofunan gilashi daga wajen wata amarya. Kafin hantsi ɗakin ya koma wani abu daban. Sarun ta tsaya a tsakiya tana kallo, daɗi ya cika ta har wuya.

Farar mota ta tsaya a gindin giginya. Malam Bora, wanda ke kula da yaran ƙungiyar, ya fito tare da wata doguwar mata mai furfura, fuskarta ta yi ja don zafi. Sunanta Madam Lorna. Ta cire takalmi a gindin tsani ba tare da an gaya mata ba, abin da ya sa Sarun ta ji ta kwanta mata a rai. Maƙwabta suka taru a ƙarƙashin gidan, da yake a kan dogayen turaku aka gina shi, kowa na yi kamar inuwa ya zo sha.

Malam Bora na shigowa ya yi turus. Ya dubi labule, ya dubi fanka tana juyi, ya dubi talabijin. Ya haɗa tafin hannu ya gai da Sarun da murmushi, ya yi magana ta cikin haƙora.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Tarbar baƙuwa, Malam. Ko da abin da ya rage?"

"Kaka, kin kashe mu. Taimako ya ragu a can ƙasarsu. Bana za a rage yara, duk gidan da aka ga zai iya riƙe ɗansa za a sallame shi. Abin da ta zo dubawa ke nan."

"Ai ba ka ce haka ba."

"Na ce za ta zo ganin gida. Ban ce a gina mata sabo ba."

Duk da haka Sarun ba ta fasa hidimarta ba. Ta zaunar da baƙuwa a kujera, ta zuba mata ruwan kwakwa, ta tura mata farantin shinkafa mai danƙo da ayaba. Malis na durƙushe a gefe cikin farar rigarta ta makaranta, kai a ƙasa. Ta ji komai.

Madam Lorna ta kurɓi ruwan ta yi godiya da ka. Sannan ta ɗaga waya ta ɗauki hoton talabijin, ta ɗauki na fanka, ta ɗauki na agogo. Babu mugunta a fuskarta, aikinta take yi. Ta juya ta tambayi Malam Bora wani abu.

"Tana tambaya ko uwar Malis ce ke aiko da kuɗi daga Thailand."

Maganar ta soki Sarun. Ta ce, "Kai ka gaya mata mana. Ai ka san gidan nan."

"In ni na faɗa, cewa za ta yi kare ku nake. Gara ta ji daga bakin masu gida."

A ƙauyen nan kowa na aron kayan tarbar baƙo, kowa kuma ya san na wa ke ɗakin wa, amma ba a faɗa. Mai bayarwa ba ya nunawa, mai karɓa ba ya ambata. Sarun ta binne miji, ta yi noman shinkafa a gonar wasu har bayanta ya lanƙwashe, ba ta taɓa buɗe baki ta ce wa bare ba ta da shi ba. Ga mutanen ƙauye a ƙarƙashin ƙafafunta, ta tsakanin gora ma ana jin numfashinsu. Kunya ta kama ta sosai. Ta dubi jikarta, ta ga yarinyar ta damƙe gefen rigar makarantar da hannu biyu.

"Malis," in ji ta. "An ce kina jin yarensu."

"Kaɗan-kaɗan, Kaka."

"To faɗa mata talabijin ɗin nan ta Kheng ce. Ki ƙara da cewa ba ta aiki."

"Haba Sarun!" Muryar Kheng ta taso daga ƙasa. "Wannan ƙarin na mene ne?"

Aka kwashe da dariya a ƙarƙashin gida. Sarun ba ta yi ba. Ta sunkuya ta kama bakin ledar matar dagaci ta naɗe ta, goran da ya tsattsage ya bayyana, har ana hango kawunan maƙwabta ta cikin ramuka.

"Ki ce fanka da kujeru na Sophat ne. Ki ce rabon da mu ji daga uwarki tun kina rarrafe."

Malis ta ɗago kai. Maganar ta riƙa fita daga bakinta a jere, tana nuna fanka, tana nuna agogo, baƙuwar na tambaya tana amsawa ba tare da ta waiwayi malaminta ba. Sarun ba ta taɓa jin ta tana wannan yaren ba. A gida yarinyar shiru-shiru ce, wanke tukunya da ɗebo ruwa. Yanzu ga ta tana tona asirin gidansu kaf a gaban bare, kakarta ba ta gane ko kalma ɗaya ba, kuma tunda take ba ta taɓa jin abin da ya yi mata daɗi a kunne kamar wannan ba.

Madam Lorna ta mai da wayarta cikin jaka. Ta daɗe tana kallon ramukan goran, sannan ta yi wa Malam Bora gajeriyar magana. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Kaka, ta ce Malis na nan a makaranta. Ta ce ya isa haka, ba sai kin ƙara ba."

Malis ta yi shiru ta koma ta sunkuyar da kai. Sarun ta ji shirun ya yi mata yawa. Ta waiga hagu da dama tana neman abin da ba a ambata ba.

"Kaka, an ce ya isa," in ji Malam Bora.

"Na ji, Malam." Ta taɓa kafaɗar jikarta. "Faɗa mata kofin da ke hannunta ma na amarya ne. Ki yi a hankali, kada ki yi sauri."