Wayar da Ke Cikin Kwando

Ta kife wayarta a kwandon da ke bakin ƙofa, ta cire takalmi. Dokar Malama ce: waya ba ta shiga ajin natsuwa.

Ɗakin yana saman laburare, tsohon ma'ajin kujeru ne da aka shimfiɗa wa kafet. Duk Laraba da ƙarfe huɗu ɗalibai kan zo su zauna minti arba'in, Malama mai ba da shawara tana koya musu bin numfashinsu. Jami'a ta buɗe ajin ne bayan jarrabawar bara ta kwantar da mutum uku a asibiti. Ɗalibai kuwa ajin barci suke ce masa.

"A'a, Likita! Yau ma an zo karɓar allurar barci?" in ji Dogo, wanda suka yi aji ɗaya a dā, yana matsa mata wuri.

Tun tana 'yar shekara bakwai ake ce mata Likita a gida, sunan ya biyo ta har nan. Sau biyu ta faɗi jarrabawar shekara ta biyu a karatun likita, aka mai da ita sashen nazarin tsirrai. Ta rubuta wa Mama dogon saƙo ta faɗa mata komai. Amsa ta zo washegari: "To." Yau kwana goma sha tara ke nan. Mama ba ta kira ba, ita ma ba ta kira ba.

Ba numfashi ke kawo ta ajin ba. A nan ne kaɗai shirun wayarta yake da dalili.

Malama ta kaɗa 'yar ƙararrawarta. "Ku rufe ido. Yau kunne za mu bi. Duk abin da ya shigo, ku ji shi. Kada ku bi shi, kada ku kore shi. In hankali ya gudu, ku kamo hannunsa ku dawo da shi, ba faɗa."

Fanka na ƙyas-ƙyas. Wani na jan kujera a ƙasa. Cikin Dogo ya yi kuka, wata ta danne dariya.

Sai waya ta ɗauki ƙara a cikin kwando.

Ta daɗe da daina sa wayarta a shiru, don babu amfani. Wannan kiɗan kuwa mutum ɗaya ta sa wa.

"Wannan ma sauti ne," in ji Malama, ido a rufe. "Ku ji shi, ku bar shi ya wuce."

Ta zauna. Ta ja numfashi ɗaya. Ta ja na biyu. In ya wuce, wa ya san ko zai dawo? Ta miƙe, ta taka ƙafar Dogo.

"Haba Likita, tiyatar gaggawa ce?"

Ta zari wayar, ta fice baranda ba takalmi.

"Mama? Ina wuni, Mama?"

Babu amsa, sai gogar yadi a jikin waya. Ta sake kira, da ƙarfi. Can ta gane. Mama kan jefa waya a aljihun riga ba ta kulle ba, wayar ta yi ta kiran mutane da kanta. Ta taɓa kiran mai gyaran famfo sau shida a yini ɗaya, har ya zo da kayan aiki.

Ashe ba Mama ce ta kira ba. Aljihu ne.

Ta kai yatsa za ta kashe, sai ta fasa. Ta zauna a kan matakala, ta jingina da bango, ta rufe ido.

Ruwa na zuba a bokiti. Ƙofar kicin ta yi kukan nan nata da aka shekara ana cewa za a sa mata mai. Ludayi ya bugi bakin tukunya sau uku. Kullum sau uku ne. Mama ta yi tari, tarin da take yi in hayaƙi ya shige ta. Daga nesa rediyo na magana shi kaɗai.

Sai muryar Mama ta fito, kusa, kamar a gefenta take.

"Ke Auta! Ajiye kofin nan."

"Mama, ruwa fa kawai zan sha."

"Kofuna sun ƙare a gidan? Na yayarki ne."

"Ai ba ta nan."

"Ba ta nan, sai aka ce miki ta mutu? Mai da shi inda kika ɗauko, sarkin kwaɗayi."

Aka ji kofi ya sauka a kan kantar kicin. Yayarki, Mama ta ce. Ba ta ce Likita ba.

Daga nan yadi ya sake goga, layin ya yanke. Minti shida da 'yan daƙiƙu.

Ta daɗe tana kallon wayar. A ciki ƙararrawa ta kaɗa, ɗalibai suka fito suna wawar kwando, kowa na duba wanda ya neme shi. Suka bi ta gefenta suka sauka. Malama ce ta fito ƙarshe, kwando a hammata, takalman nan a hannu. Ta ajiye mata su a kan matakala.

"Lafiya dai?"

"Kuskure ne, Malama. Ba ni aka nema ba."

Malama ta dube ta, ta dubi wayar. "Sai Laraba. In za ki dawo, ki sa ta a shiru."

Baranda ta koma ba kowa. Ta sa takalmi ɗaya. Kafin ta sa ɗayan, ta danna lambar Mama.

Kiran ya shiga. Ta ja numfashi, ta bi shi har ƙasa. Ta ja na biyu. A na biyar aka ɗauka. Tana jin tafasar tukunya.

"Ke," in ji Mama. "Kin ci abinci?"