Bakin Sauro

Tun da likita ya ce 'yata sai da allurar ciwon suga kullum, ta daina hawa cinyata. Laifina ne. Ranar farko na rasa yadda zan riƙe ta, sai na ɗora ta a cinya kamar zan yi mata tatsuniya, na soka mata. Shekararta huɗu, amma ba ta manta ba. Yanzu ko na ce, "Zo, 'Yar Firit, in gyara miki gashi," sai ta toge a bakin ƙofa ta ce, "Nuna hannunki tukuna."

Babanta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku ban sa shi a ido ba. A waya shi ne na kirki. Ni ce mai allura.

Abin haushin, a wurin aiki ma allura nake yi. A ɗakin bincike, ni ke zuba ruwan magani a mazubi, in busar, in ɓamɓaro. Abin da ke fitowa kamar filasta ne, bai fi farcen babban yatsa ba, da 'yan tsinaye ɗari a jikinsa masu narkewa cikin fata. Dakta, shugabarmu, daga bakin sauro ta kwaikwayo su. Ta taɓa nuna mini shi a madubin ƙara girma, siriri, gefensa da haƙora kamar zarto.

"Kin taɓa jin shigarsa?" in ji ta. "Sai ya ƙoshi ya tafi kike susa."

"Ashe malaminmu nake kashewa da silifa," na ce.

Wata rana da azahar kowa ya fita cin abinci, aka bar ni da faranti cike da filastoci masu maganin suga. Na daɗe ina kallonsu. Na ɗauki ɗaya na sa a aljihun farar rigata.

Dakta ta shigo, ta dubi farantin. "Jeren nan ya yi giɓi."

Ta juyo ta dubi aljihuna.

"Ba a gwada shi a jikin yara ba. Ban san yawan da zai shiga jinin 'yarki ba, ke ma ba ki sani ba."

"To sai yaushe, Dakta?"

"Ƙila sai ta kamo ki a tsawo."

Na ciro na ajiye. Ta jefa shi a kwandon shara. Sannan ta buɗe wata durowa ta miƙo mini wani. "Wannan fanko ne, ba magani. Na damtsenki ne, ba nata ba. Ta dai ga abin da uwarta ke yi."

Da yamma na ɗauko 'yata daga wurin maƙwabciyarmu. Muna shiga ɗaki, ɗoki ya ci ni, na yi irin maganar da muke yi wa baƙi a wurin aiki.

"Kin ga wannan? Allura ɗari ce a jiki!"

Ban rufe baki ba ta shige ƙarƙashin gado.

"Guda ɗaya ma yaya?" ta ce daga can.

Na zauna a kujera da filastar a hannu. Babu wanda zan kira. Famfon banɗaki na ɗiga, tun tafiyar babanta nake cewa zan gyara.

"Ba taki ba ce," na ce wa gadon. "Tawa ce. Ni dai ba ni da mai yi mini."

Can sai kai ya leƙo, da ƙura a gashi.

"Ni zan yi miki?"

"In kin iya."

"Nuna hannunki."

Na nuna, ciki da bai. Ta karɓi filastar, ta yi ɗage, ba ta kai damtsena ba. Ta dubi kujerar, ta dube ni. Sai ta dafa gwiwata ta hau.

"Kar ki motsa, Umma. Wanda ya yi kuka ba a ba shi alawa."

Ta manna, ta danna da duk ƙarfinta.

"Da zafi?"

"Kamar kyanwa ta lashe ni."

"Ƙarya ne."

"Allah kuwa."

Ta kwantar da kai a ƙirjina, wai tana gadi kada in cire. Gobe da bakwai na safe zan sake ɗauko tata allurar, mai tsini ɗaya. Na ƙudura a bakin gado za mu riƙa yi daga yanzu, ba a cinyata ba. Ƙafata ta yi sanyi har na daina jin ta, ban gyara zama ba.