Kwalaben Josiah Mai Fito

Shekara sittin yayata Dulcie ta yi tana dukana da mutumin da ya mutu tun kafin a haifi kakarmu. Sunansa Josiah Tregenza, kakan kakar tamu, shi ne mai fito na farko a kwatar garinmu, zamanin da ake turo mana gwamna daga Ingila, babu gada ko ɗaya a kan kogin nan. Jirginsa faffaɗan katako ne mai bin igiyar ƙarfe, sai an murɗa keke da hannu yake tsallakawa, ɗauke da tumaki da amalanken ulu da makiyaya.

Abin da aka fi saninsa da shi kuwa, wai bai taɓa kai giya bakinsa ba. Duk Juma'ar da na fito daga mashaya sai na tarar da Dulcie a kan hanya, kamar an aiko ta.

"Clarrie, ba ka jin kunya? Jinin Josiah a jikinka kana tafiya kana warin gangar giya!"

"Yaya, kofi biyu fa kawai."

"Shi ko ɗigo bai sha ba."

Na tsani mutumin nan, ba na ɓoyewa. Kuma akwai itacensa. Bayan kangon gidansa a bakin kwata akwai wani lemun tsami, sau biyu yana mutuwa yana sake tohowa daga saiwa. A gidanmu an ce a nan Josiah ya durƙusa ya yi wa Ubangiji alkawarin ba shi ba giya, ya dasa itacen don shaida. Duk amaryar danginmu a ƙarƙashinsa ake ɗaukar hotonta. Fasto ma yakan kai mu addu'a can sau ɗaya a shekara.

Ni kuma shekara arba'in na yi ina sa wa tsofaffin gidajen yankin nan bututun ruwa, na san abin da fasto bai sani ba. Mutanen da, idan ramin masai ya cika, sai su haƙa sabo, su rufe tsohon, su dasa lemu a kai don kada wani ya rufta. Ka tsaya a ƙofar bayan kowane tsohon gida, ka yi taku ashirin ta inda iska ke kwashe wari, za ka ci karo da itacen da ya fi kowanne ƙoshi. Na auna na Josiah tun ina saurayi, taku ashirin da ɗaya ne. Na yi shiru da bakina, ina dariya a ciki duk ranar ɗaukar hoto.

Bara aka ce za a gina sabuwar gada ta kan tsohuwar kwata, sai jami'a ta turo masu tonon kayan tarihi su duba wurin tukuna. Shugabarsu Dakta Vella ce, wata siririyar mata mai malafa. Dulcie kuwa ita ce shugabar kwamitin tarihin gari, har ta rubuta abin da za a zana a allon tagullar da za a kafa: sunan Josiah, da shekarun fitonsa, da cewa bai taɓa shan giya ba. Kwana goma sha ɗaya ya rage a kai wa maƙeri rubutun.

A lokacin mutanen Dakta sun riga sun yi mako uku suna kankare ƙasa da 'yan cokula. Suka samo gindin turken igiya, da ƙusoshi, da rabin faranti. Na sami Dakta zaune a kan bokiti ta yi tagumi.

"Dakta, me kuke nema ne haka kamar kaji?"

"Juji, Malam Clarrie. Abin da mutum ya zubar ya fi abin da ya rubuta faɗin gaskiya. Gidan nan kuwa kamar ba a taɓa cin abinci a cikinsa ba."

"Kin ƙirga taku daga ƙofar baya zuwa lemun can?"

Ta dubi itacen, ta dubi kangon, ta dube ni. Sai ta cire malafar ta rufe fuska da ita tana girgiza.

"Itacen alkawarin?"

"Ni ban ce komai ba. Mai gyaran famfo ne ni."

Don kada su taɓa saiwa, ta gefe suka shiga. Ranar farko maɓallai suka samu da guntun lofen shan taba. Rana ta biyu da hantsi cokalin wata ɗaliba ya ce ƙwas. Kwalbar barasa ce baƙa mai kusurwa huɗu, irin wadda ake kawowa ta teku. Kafin azahar an jera saba'in a kan tamfol, ramin kuma bai nuna alamar ƙarewa ba.

Daɗi ya kashe ni. Na koma gida na sa rigar zuwa coci, na je da kaina na ɗauko Dulcie a mota.

"Ina za ka kai ni da rana tsaka?"

"Gaisuwa za mu je wurin kakanmu, Yaya. Ya aiko da saƙo."

Rabin gari ya riga mu zuwa. Matar fasto na tsaye ta toshe baki, ita ma a ƙarƙashin itacen aka ɗauki hoton aurenta. Wani ya ce, "Watakila na fasinjoji ne." Dakta ta ce a hankali, iri ɗaya ne duka, kuma a jere suke hawa-hawa, kamar na mutum guda shekara da shekaru.

Na gyara murya. "To, Yaya, me za a rubuta a allo? Ko a ce bai taɓa barin ɗigo a kwalba ba?"

Aka fashe da dariya. Ina jira ta yi faɗa, ko ta ce sharrin Dakta ne. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dogara sandarta ta zauna a kan bokitin Dakta, ta daɗe tana kallon kwalaben.

"Ɗari huɗu da wani abu za ku samu," in ji ta. "Keziah ta ce ta daina ƙirgawa a nan."

Keziah matar Josiah ce, ba abin da muka sani game da ita sai suna. Dulcie ta ɗora bayani.

"Lasisin fito namiji ake bai wa, kuma in sufeto ya kama mai fito da maye sai a ƙwace. Sufeton yakan tona juji da sanda, ya leƙa ƙarƙashin gado, amma bai taɓa leƙa masai ba. A can Keziah take jefa kwalaben. Ita ta murɗa keken nan shekara goma sha tara, da ciki da goyo, ta sa hularsa da babbar rigarsa don na nesa ya zaci shi ne. Ita ta ƙirƙiri labarin durƙuso, don 'ya'yanta su ci abinci. Ta gaya wa Kaka, Kaka ta gaya mini. Mata kaɗai ake gaya wa." Ta juya ga Dakta. "'Yata, a sa sunanta a allon. Na gaji da riƙe wa mutumin nan hula."

Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Ni dariyata ta maƙale, amma haushi bai sake ni ba.

"Kin sani? Kin sani, kika yi shekara sittin kina zuba mini shi a kunne?"

"Keziah ta ce mutum ne mai fara'a, kowa na sonsa, ga iya tsokana, sai dai in an miƙo masa kofi bai iya cewa a'a ba. Wa ka sani haka, Clarrie?"

Ta ci gaba.

"Yana da shekara arba'in da ɗaya ya faɗa kogin nan a buge ya mutu, a ruwan da bai kai ƙirji ba. Kai saba'in da huɗu gare ka. Kofi biyu kake sha ka tashi don ka san ina kan hanya ina jiranka da shi. Yau ka tone shi, ka ji daɗi. Ni dai ban san da me zan ƙara riƙe ka ba."

Ta miƙo mini hannu in tashe ta. Da na ɗago ta sai na ji ashe ba ta da nauyi ko kaɗan.