Ƙofar da Hollis Ke Buɗewa

A garinsu Cordell Mabry, can kudancin Florida, ƙasa baƙa ce wuluk. In aka cinna wa gonakin rake wuta kafin yanka, zomaye kan fito a guje daga cikin hayaƙi, yara su rufa musu baya. A nan ya koyi gudu. Zomo ba ya miƙe hanya, sai ya nuna maka dama ya yi hagu, ƙafafun Cordell kuwa suka ɗauki wannan hali. Kakarsa Odessa, wadda ta rene shi, takan soya abin da ya kamo tana cewa, "Kai dai Allah ya ba ka ƙafa, saura hankali."

Da ya tasa sai ƙwallo ta ɗauke shi, tasu mai siffar gwanda, wadda ake rungumewa a kutsa cikin ƙatti har a tsallake layin ƙarshe. Wata jami'a a arewa ta kira shi. Ranar da ya fara ganin dusar ƙanƙara tana sauka a fili, tsayawa ya yi baki buɗe, yana zaton tokar rake ce ta yi fari.

A can ya haɗu da Hollis Pettway, wani ƙato mai wuyan bijimi, wanda aikinsa shi ne ture mutane gefe don mai gudu ya wuce.

"Ɗan tsako, bi bayana kawai," in ji Hollis. "In ka ga ƙeyata ta karkata, ƙofa ta buɗe."

"In ka faɗo a kaina fa?"

"Sai a aika wa kakarka takalmanka."

Akwai abin da Cordell bai taɓa iya faɗa wa 'yan jarida ba. Da zarar ƙwallo ta taɓa cikinsa, ihun 'yan kallo kan ɗauke ɗif, kamar an nutsa kansa a ruwa. Mutane su riƙa motsi a hankali, hulunan kwanonsu na sheƙi. Yakan ga ƙofar tun kafin Hollis ya buɗe ta. Ya bi ta ciki shiru, sai dai ya farka a bayan layi ana bubbuga masa kai.

Aka yi sa'a ƙungiyar ƙwararru ɗaya ta ɗauke su tare. Sunan Mabry ya hau bayan rigunan yara a garuruwan da bai taɓa takawa ba. Odessa ta ƙi zuwa filin wasa. A talabijin take kallo da matan cocinsu, in an taso masa ta rufe ido da mafici. Shi kuwa kowace Litinin, washegarin wasa, a bahon ƙanƙara yake wuni don ciwon jiki, bene ma da baya-da-baya yake sauka. Aka yi masa aiki a gwiwar hagu, aka sake yi. Hollis ne ya fara barin wasa, ciwon baya ya hana shi, ya koma ƙauyensu a Alabama.

Wata la'asar a lokacin kaka, ƙwallo ta taɓa cikin Cordell, shirun nan ya sauko kamar kullum. Ya ga ƙofa, faffaɗa, har da ciyawar da ke bayanta. Ya aiki ƙafafunsa, suka makara. Ƙatti suka haɗu a kansa. Da suka tashi ya ci gaba da kwanciya rigingine, ba don ciwo ba, yana kallon ayarin dinya suna ratsa sama suna yin kudu. Bayan sati biyu koci ya kira shi ofis ya yi ta kewaye-kewaye. Cordell ya sauƙaƙa masa, ya ajiye hular kwanonsa a kan tebur, ya yi godiya.

Alabama ya nufa. Ya tarar da Hollis a bakin kogi yana jan kwalekwale, ya ƙara faɗi, gemu ya yi furfura.

"Sun kore ka ke nan?"

"Sun kore ni."

"Ai sun yi haƙuri. Shigo, amma zauna a tsakiya, kada ka kifar da mu."

"Ni ne zan kifar da mu?"

Suka jefa ƙugiya, suka bar ruwa ya ja su. Ba wanda ya kama ko tarwaɗa. Rassan itatuwa na shafar kansu, rana na ɗigowa ta tsakanin ganye, gwiwar da ta daɗe tana zugi ta lafa a cikin ɗumi. Barci ya kwashe Cordell, Hollis bai tashe shi ba.

Kwana biyu ya zo yi, sai ga shi damina ta same shi a nan. Ya auri Renita, ƙanwar matar Hollis, ya kama tuƙa motar 'yan makaranta. Da sassafe hazo kan kwanta a kan gonakin auduga, doguwar motar ta shiga ciki kamar jirgin ruwa, shi kuwa ba ya sauri.

"Baba Cordell," wata yarinya ta ce daga baya, "tsohuwa a kan keke ta wuce mu."

"Ƙyale ta, 'yata. Ita tana da inda za ta."

Ya rage gudu a kan gada don su ga balbelu a tsaye cikin ruwa.