Gilasan Gwamnati

Tun kafin a buga ƙararrawar safe Malam Nata'ala ya gama jera gilasai a kan dogayen teburan ɗakin gwajin kimiyya, kowanne ya goge shi tas da farin ƙyalle har yana ɗaukar ido. Yau sufeton makarantu zai zo daga Minna. A wannan sakandare ta bayan garin Suleja kuwa, zuwan sufeto da ranar jarrabawa ne kaɗai ke sa a buɗe ɗakin nan.

Da ƙarfe goma aka shigo da 'yan aji biyar a layi, su talatin da biyu. Shugaban makaranta, Malam Gwadabe, ya tsaya a bakin ƙofa da bulala a hammata.

"Hannu a baya!" ya ce. "Duk wanda ya taɓa mini ko murfin kwalba, yau sai ya gane kurensa."

Yara suka mayar da hannuwa baya, suka tsaya ƙiƙam a gaban kayan. Sufeto ya zagaya yana jinjina kai, ya ce duk faɗin sabuwar jihar bai ga ɗakin gwaji mai tsabta da cikar kaya irin wannan ba. Bai tambayi yaro ko ɗaya sunan abin da ke gabansa ba. Sauri yake yi, don an yanka masa zabi a gidan shugaba.

Nata'ala ya ji daɗin yabon nan har cikin ransa, ba zai ɓoye ba. Shi ne mai kula da ɗakin, yara na ce masa Baba Lab, kuma shekara tara ke nan ko tsagewa wani gilashi bai yi a hannunsa ba. Sai dai da ya waiwaya teburi na uku, sai ya ga babbar 'yarsa Ummulkhairi. Hannunta na baya kamar na kowa, amma ta miƙa wuya iyakar miƙawa tana kallon wani dogon bututu mai ɗan famfo a ƙasa, kamar yadda yaro ke kallon tsire a hannun mai shi. Daɗin da yake ji ya ragu.

*

Rufe ɗakin nan yana da asali. Wanda ya riƙe shi kafin Nata'ala, wani Isiyaku, mutum ne mai sakin hannu. Wata rana ɗalibi ya ture madubin duba ƙwayoyin cuta ya fashe. Takarda ta zo daga sama tana neman bayani, shugaba ya ɗora wa Isiyaku, aka sallame shi. Har gobe yana nan a tasha yana sayar da rake. Nata'ala, wanda a lokacin masinja ne, shi aka miƙa wa makullin, tare da darasin da ba sai an faɗa masa ba.

Haka makarantar take tafiya. Shugaba na tsoron sufeto, malamai na tsoron shugaba, manyan ɗalibai na tsoron malamai, su kuma su huce a kan 'yan aji ɗaya da yankan ciyawa da tsallen kwaɗo. Ga shi tun da aka ce za a gina sabon babban birni a nan kusa, malaman da suka san lissafi suka yi ta sulalewa zuwa kamfanonin awon ƙasa. Darasin kimiyyar haɗa magunguna ya faɗa hannun wata 'yar bautar ƙasa, Malama Adaobi. Ita ma alli kawai aka ba ta. Sai ta zana bututu a allo, ta zana kwalba a ƙarƙashinsa, ta zana ɗigon ruwa, yara su kwafe.

Ran nan bayan la'asar Nata'ala na zaune a tsakar gida, Ummulkhairi ta zo ta durƙusa gefen tabarmarsa.

"Baba, saura sati uku mu yi jarrabawar gwaji."

"Na sani."

"Malama ta ce wanda ya faɗi gwajin, da wuya ya ci darasin. Makarantar koyon aikin jinya kuma ba sa ɗaukar wanda bai ci shi ba." Ta yi ƙasa da murya. "Ran Asabar ba kowa a makaranta. Awa ɗaya kawai, Baba. In riƙe su in ji yadda suke."

Matarsa Zuwaira, da ke tsintar shinkafa a faifai, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, makullin nan fa a aljihunka yake kwana."

"A aljihuna yake kwana, amma ba nawa ba ne."

"To ita yarinyar ta wa ce?"

Yarinyar nan tun tana firamare take ɗaure wa ƙannenta ciwo da tsumma, duk unguwar Bagama an san abin da take son zama. Shi ma yana so, yana so ƙwarai.

*

Washegari ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya bi Malama Adaobi zuwa ofishin shugaba, ya tsaya bayanta yana murza hula.

"Oga, yara bai taɓa kayan nan ba," in ji Adaobi da 'yar Hausarta. "Ko sau ɗaya. Yaya za su yi jarrabawa? Ka ba ni kwana biyu kawai."

Malam Gwadabe ya yi murmushi irin na wanda ya ga jiya. "Malama, ke watan gobe za ki tattara ki koma garinku. Mu ne za mu zauna da takardar Minna." Ya juya ga Nata'ala. "Kai kuma, idan suka fasa, kai za ka tsaya musu?"

Nata'ala ya buɗe baki, sai teburin raken Isiyaku ya faɗo masa a rai.

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ka gani. Ai sun zana abin nan sau ɗari. Ranar jarrabawa za su gane shi."

Duk da haka, ran Asabar da hantsi ya ce wa Ummulkhairi ta ɗauko mayafinta. Suka bi ta bayan filin ƙwallo, ciyawar farkon damina na jiƙa musu ƙafa. Ya kai bakin ƙofar, ya zura makulli. Yana jin numfashinta a bayansa. Sai ya ɗaga kai ya dubi gidan shugaba da ke tsallaken fili, ya ga labulen taga ya motsa. Ko iska ce, ko mutum ne, har yau bai sani ba. Ya zare makullin ya mayar aljihu.

"Mu je gida. Sai wata rana."

Ta bi bayansa har gida.

*

Ranar jarrabawa shi ya jera kayan, shi ya zuba ruwan magunguna a kwalabe yadda Adaobi ta haɗa. Doka ta ce ya tsaya a cikin ɗakin don kawo abin da aka nema, amma kada ya yi wa ɗalibi magana. Wata baƙuwar malama da hukumar jarrabawa ta turo ta dubi agogonta ta ce a fara.

Ba wanda ya fara. Kusan rabin ajin sun mayar da hannuwansu baya, saboda iyakar abin da suka san ana yi a ɗakin ke nan. Sai da matar ta sake magana da ƙarfi sannan aka soma taɓawa a tsorace. Wani yaro ya cika dogon bututun bai rufe famfon ba, ruwan asid ya bi teburi. Wata ta riƙe nata a kife.

Aikin shi ne a zuƙi ruwan soda mai cin fata da baki ta wani siririn bututu mai ciki a tsakiya, har ya kai wani layi, a toshe da yatsa, a juye a kwalba. Nata'ala ya san sirrin abin. Tun yana masinja ya sha leƙen wani tsohon malami Ba'indiye yana yi: a nutsa bakin bututun can ƙasan ruwan, a ja a hankali. In bakin ya taso sama iska ta shiga, ruwan zai yi tsalle ya faɗa bakin mutum. Magana ce ta numfashi ɗaya, kuma bai taɓa tunanin faɗa mata ba, don shi a ganinsa aikinsa gogewa ne.

Yana kallo Ummulkhairi ta ɗauki bututun da hannu biyu. Ta tsoma bakinsa sama-sama, daidai yadda yake a zanen allo. Ya ji kamar ya yi ihu. Baƙuwar malamar na tsaye kusa da shi, ya haɗiye maganar.

Ta ja da ƙarfi.

Ruwan ya haura gaba ɗaya. Idanunta suka firfito, kumatunta suka cika, hawaye ya zubo. Kowane yaro a duniya da sai ya yi jifa da bututun nan. Ita kuwa ta riƙe shi gam, ta lalubi tsakiyar teburi, ta kwantar da shi a hankali, ta tare shi da littafi don kada ya gangara. Sai da ta tabbata ya zauna, sannan ta ruga wajen bokitin ruwa tana tari.

Wannan kwantarwar ita ta karya masa zuciya. Ya san don wa ta yi.

Ta kurkure baki ya fi a ƙirga, ta dawo teburinta. Sau biyu tana kai bututun bakinta tana janye shi. Da aka ce a ajiye alƙalami, ya wuce ta gefenta da tire, ya saci kallon takardarta. Ta ja layukan jadawalin tsaf da rula, kowane gida da sunansa a sama, amma babu lamba ko ɗaya a ciki.

Bayan an watse Malam Gwadabe ya shigo ya bi teburan ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ya dafa kafaɗar Nata'ala.

"Ko ɗaya bai fashe ba. Kai dai Allah ya yi maka albarka."

*

Bai koma gida da wuri ba. Ya wanke gilasan, ya sake wanke su, ya zauna a bakin baranda har inuwa ta juya. Da ya shiga gida Zuwaira na bakin murhu, ba ta dube shi ba. A gefenta akwai ɗan kwanon kunu da aka ajiye wa Ummulkhairi ya huce, da cokali a ciki, ba a sha ko rabi ba.

Ya zauna a tabarma yana jiran a yi masa faɗa, ko kuka, ko ma wani abu da zai iya amsawa. Sai ga Ummulkhairi ta fito daga ɗaki ɗauke da kwanon tuwonsa da ruwan wanke hannu, kamar kullum. Leɓɓanta sun kumbura, fatar ta yi fari-fari. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa, ta buɗe murfin. Maganar ta fito mata da ƙyar, harshen na nauyi.

"Sannu da aiki, Baba."

Ya sa hannu a cikin ruwan, ya bar shi a nan.