Ranar da Mainasara Ya Bar Rakensa a Kasuwa

Mainasara manomi ne a Adabka, har ranar da 'yan bindiga suka tare shi da maƙwabcinsa a hanyar gona, suka harbe maƙwabcin a gabansa. Da aka gama girbin shekarar ya kwashe iyalinsa zuwa Anka, inda surukinsa Malam Abdussalam ya ba su ɗaki ɗaya a bayan gidansa. Ya samu baro, ya kama sayar da rake a bakin kasuwa.

Babu wanda ya san cewa duk lokacin da babura suka taho da yawa, ƙirjinsa na ɗaurewa, hannuwansa su kama rawa har wuƙa ta nemi kuɓuce masa. Shi ya ɗauka ciwon zuciya ne. Ya sayi ƙwayoyi ja da fari wurin mai yawo da magani a kwali, ya sha jiƙon sassaƙe iri-iri, bai ga sauƙi ba. Ko matarsa Zinatu bai gaya wa ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Malam Abdussalam ya tsaya wurinsa suna gaisawa, sai ga 'yan rakiyar ango a kan babura suna ta hon. Salansar babur ɗaya ta buga kamar harbi. Mainasara bai san lokacin da ya zube a gindin baro ba, hannu biyu a ka. Da hankalinsa ya dawo, ya ji ɗumi a cinyoyinsa. Wandonsa ya jiƙe sharkaf, ƙasar wurin ma ta jiƙe. Mutane sun kewaye shi. Wani ya ce aljanu ne, wata ta ce farfaɗiya. Malam Abdussalam ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa masa.

Mainasara ya bar baron a nan, ya bi ta lunguna ya koma gida. Ya daina fita, salla ma a ɗaki yake yi. Zinatu ta wanke rigar mahaifinta ta mayar, ta riƙa ce wa masu zuwa gaisuwa zazzaɓi ne.

"Ka ci ko loma biyu," ta ce masa wata rana, ta ajiye kwanon tuwo.

"Gaban Baba fa, Zinatu. Gaban Baba. Da wane ido zan dube shi?"

Ranar da abin ya ishi Malam Abdussalam, sai ya zo da kansa, ya tsaya bayan labule.

"Tashi mu tafi asibiti. Addu'a muna yi, amma wanga abu a bari masu sani su duba."

Ba a musu da suruki. Mainasara ya bi shi a baya, kansa a ƙasa.

Ma'aikacin da suka tarar, Junaidu, ya auna jininsa, ya saurari ƙirjinsa, ya ce zuciya lafiya lau. Sannan ya roƙi Malam ya jira a waje, ya tambayi Mainasara yaushe abin ya fara. Da ƙyar maganar hanyar gona ta fito. Da ta fito kuwa, har da hawaye.

"Firgici ne," in ji Junaidu. "Jikinka bai yarda cewa waccan rana ta wuce ba. In ya ji ƙara, sai ya ɗauka an dawo."

"To hauka ce ke nan?"

"Ba hauka ba ce, ba ragwanci ba ne kuma. Mutanen ƙauyuka nawa ke zuwa nan da irinsa! Ka bar ƙwayoyin nan na kwali, wasu ƙara bugun zuciya suke yi."

Ya koya masa yadda zai ja numfashi a hankali ya sake shi idan abin ya taso, ya ce ya riƙa dawowa suna magana, ya kuma gaya wa matarsa gaskiya.

Wannan na ƙarshen ya fi masa wuya. Sai da aka kwana biyu ya faɗa mata, yana kallon bango. Zinatu ta ce ita ma tun da suka baro Adabka gabanta bai daina faɗuwa ba in an buga ƙofa da ƙarfi, ta ɗauka ita kaɗai ce.

Bayan sallar layya ya koma sana'a, amma ya matsa cikin lungun masu gyaɗa, nesa da titi. Rawar hannun ta ragu, ba ta ƙare ba. Har yanzu ta ƙofar baya yake fita don kada ya ratsa zauren Malam.

Wani mai saye ya taɓa ƙura masa ido ya ce, "Ba kai ne wanda ya faɗi rannan ba?"

Mainasara ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya ce, "Ni ne. Ciwo ne, ana yi mini magani." Ya fere raken, ya yanka gaɓa-gaɓa, ya miƙa masa.