Hannun da Ya Yi Rubutun

Ranar Talata tsohon ya tsinci wani littafin rubutu a ƙarƙashin katifar jikarsa, daga ranar kuwa gidan bai sake zama daidai ba.

Shekara talatin ya yi yana gyaran kurakurai a maɗaba'a, saboda haka ba ya yarda da shafin da ya cika tsabta. Saura mako biyu yarinyar ta yi gwajin shiga makaranta. Tun rasuwar matarsa ba shi da wani aiki sai ita. Kullum da safe yakan zaunar da ita a baranda, ya danƙa mata fensir a hannun dama, rula na gefensa, ita kuwa ta zana masa haruffa kamar sawun kaza. Amma ga littafi cike da baƙaƙe reras.

Ya kira surukarsa, uwar yarinyar.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ita ce, Baba."

"Ashe amaryar tawa aljani gare ta mai yi mata aiki. Gwajin ma ke za ki zauna mata?"

Ta sunkuyar da kai. "Ku tambaye ta, Baba."

Bai tambaya ba, gadi ya shiga yi. Ya riƙa auna tsawon fensir safe da yamma, yana satar kallon yatsun surukar ko zai ga baƙin fensir. Ya san zato zunubi ne. Bai fasa ba.

Ranar gwaji ya raka su, ya tsaya jikin taga. Yarinyar ta ɗauki fensir da hagu. Haruffa uku suka fito tsaf, irin na littafin nan. Sai ta ɗago kai ta gan shi. Da sauri ta mayar da fensirin dama, kamar yadda rula ta koya mata. Sawun kaza ya dawo. Malamar ta ce a sake kawo ta baɗi.

Da mijin surukar ya aiko su koma garin da yake aiki, ta haɗa kaya har da littafin.

A tasha yarinyar ta miƙo masa hannu ta tagar mota, ta tuna, ta janye hagun ta miƙo dama. Mota ta tashi kafin ya gaya mata cewa kakarta, Allah ya jiƙanta, bahaguwa ce, kuma wasiƙunta na nan cikin akwatinsa, bai taɓa samun kuskure ko ɗaya a cikinsu ba.